Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Kula da Fatar Fuskata Kullum?

Tambaya: Wata mai sauraronmu daga Katsina tana son sanin hanya mai sauƙi ta kula da fata, tunda kowa da irin tasa.

Amsa: To Malama, matakin farko shi ne ki san irin fatarki. Ki wanke fuska, kada ki shafa komai, ki jira awa guda. In tana ƙyalli, mai maiƙo ce. In ta ɗaure ta yi furu-furu, busasshiya ce. In goshi da hanci ne kawai ke maiƙo, gauraye ce.

Abu uku suka ishe ki: wankewa, shafa mai, da kariya daga rana. Wankewa safe da dare da sabulu marar ƙarfi, ba tare da gurzawa ba. Mai busasshiyar fata ta shafa man kaɗanya ko basilin tun fata na da danshi, musamman lokacin hunturu. Mai maiƙo ma kada ta bar mai, sai dai ta zaɓi marar nauyi don kada ya toshe ƙofofin fata ya jawo ƙuraje. Wadda fatarta ke saurin ƙaiƙayi ta guji mai turare, ta fara gwada sabon mai a damtse. Da safe, kowacce ta shafa man kariyar rana mai lambar kariya 30 ko fiye.

Don Allah ki nisanci man bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, domin wasu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, har su taɓa ƙoda. Ƙuraje in sun ƙi ci sun ƙi cinyewa, sai a garzaya wurin likitan fata.