Gayya da Waya a Hannu: Shawarwari ga Magidantan Tsibiri da Kewaye

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida. Yara aƙalla 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a garuruwa irin su Dareta da Yargalma, amma Bagega ta yi ta jira, domin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari a watan Mayun 2012 sun maƙale a Abuja. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuwa suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Sai wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka tattara hotuna da bayanan mutanen garin suka baza a Twitter da Facebook, ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch su ma suka matsa. A watan Janairun 2013 aka saki kuɗin. Nan ne mafarin Follow The Money, wadda yau take bin sawun kuɗin gwamnati a ƙasashen Afirka da dama.

Abin da ya ci a Bagega shi ne shaidar da ba ta musantuwa: ga sunan gari, ga ranar alkawari, ga ofishin da ya riƙe kuɗin. Irin wannan shaida a gida ake fara tara ta. Ga abin da nake ganin gidajen Tsibiri, da na sauran ƙasar Maradun, Bakura da Talata Mafara, za su iya yi da abin da ke hannunsu.

1. Ku kama matsala ɗaya. Famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu, ko kwalbatin da ruwa ya cinye, ko ɗakin haihuwa da ba fitila. Ƙungiyar da ta tashi da sunan "ci gaban al'umma" gaba ɗaya, yawanci a rabon muƙamai take ƙarewa. Gida goma da suka ce famfon nan za su tayar sun fi ta sanin inda suka dosa.

2. Ku sayi littafi kafin ku sayi data. Littafin makaranta na rubutu ya isa. A ja layi huɗu a kowane shafi: rana, abin da ya faru, wanda aka gaya wa, amsar da ya bayar. Ranar da famfo ya tsaya a rubuta. Ranar da mai gyara ya zo, da abin da ya canza, da abin da aka biya shi, a rubuta. Ranar da aka je asibitin sha-ka-tafi aka tarar da ƙofa a rufe, a rubuta har da lokaci. Bayan wata uku littafin nan zai gaya muku abin da baki ba ya riƙewa: ko roba ɗaya ce take ta lalacewa, ko ranar kasuwa ce kullum ma'aikaci ba ya zuwa. Jami'in da aka ce wa "kullum babu kowa a asibiti" yana da hanyar kaucewa. Wanda aka karanta wa ranakun ɗaya bayan ɗaya dole ya gyara zama. Ku damƙa littafin ga yaro ko yarinya mai kyan rubutu, amma babba ya riƙa dubawa duk Juma'a.

3. Hoto ma yana da ƙa'ida. A ɗauki uku: ɗaya daga nesa yadda za a gane wurin, ɗaya daga kusa inda ɓarnar take, ɗaya na allon ɗan kwangila idan akwai, yadda rubutun zai karantu. A kunna alamar wuri a kyamarar waya, domin na'urar GPS da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ta jiran sabis. Kada a sa fuskar mara lafiya ko ta matar aure ko ta yaron wani ba da izini ba. Bayan wata guda a koma a tsaya daidai wurin farko a sake ɗauka.

4. Maigida, ka tambayi cikin gida. Uwargida ce ta san ranar da ruwan rijiya ya canza ɗanɗano, ita ta san gidan da amai da gudawa ya fara shiga, ita ta san ko ana karɓar kuɗi a wurin awo. Yaran da ke ɗebo ruwa sun fi kowa sanin tsawon layi. Taron ƙofar masallaci ba ya jin waɗannan sai an kawo masa. Hanya mai sauƙi ita ce mata su sami tasu wakiliya, malamar Islamiyya ko ungozoma, ta tara bayaninsu ta aiko da saƙon murya, a shigar da shi littafi da sunan unguwa kawai.

5. Ku bi sawun kuɗin. Kowace shekara ana sa ayyukan mazaɓu a kasafin kuɗin tarayya: rijiyar burtsatse, ajujuwa, fitilun sola. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011, ta buɗe shirin Tracka a 2014 don mutane su ga abin da aka rubuta wa garinsu su kwatanta da abin da ido ya gani. Ku sa ɗalibi ɗaya, ko na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko wani da ya iya bincike a intanet, ya nemo abin da aka ware wa mazaɓarku, ya juya shi Hausa a takarda guda. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayar da aka yi mata a rubuce. Sau da yawa ba a amsawa a kan lokaci, kada wannan ya kashe muku gwiwa. Kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa shi kansa shaida ne. A ganina wannan ya ƙara zama wajibi tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye: tambayar da a da ake turawa Gusau, yanzu a sakatariyar ƙaramar hukuma ya kamata a fara yin ta.

6. Ku tsara sanarwa don wanda zai karanta ta. Da yawa daga dattawanmu ajami suke karantawa, wasu kuma kunne ne makarantarsu. Allo ɗaya a jikin bango kusa da famfo, da boko da ajami, mai layi uku: kuɗin gyaran da aka tara, abin da aka kashe, abin da ya rage. Saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya, a fara da rana da wuri. Zanen unguwa da alli ko gawayi, a sa alamar kowace rijiya da kowane wurin da ruwa ke kwanciya da damina, yakan nuna inda ya kamata a haƙa magudana tun kafin injiniya ya zo.

7. Ku san abin da ba a sa wa a waya. Wannan ita ce shawarar da mutumin Legas ko Nairobi ba zai ba ku ba, domin ba ya kwana da abin da kuke kwana da shi. A yankin da ake satar mutane, jerin sunayen masu ba da gudummawa tare da adadin kuɗinsu jagora ne ga ɓarawo. Haka taswirar da ta nuna gidajen masu hali, ko garken shanu, ko hanyar da mata ke bi zuwa rafi. Haka sanar da ranar da ma'aikatan lafiya ko baƙi za su shigo gari. Zauren WhatsApp ba ɗaki ba ne. Duk abin da ya shiga cikinsa ku ɗauka ya kai kasuwar Mafara. Kada a shigar da lambar da ba wanda ya san mai ita, kuma mutum biyu ko uku kawai su riƙe ikon shigarwa. Abu na biyu mai haɗari: kiran wani infoma a zaure. Kalma ɗaya irin wannan tana iya jawo a kashe mutumin da bai ji ba bai gani ba, kuma ba a mayar da ita. Zargi ya tafi wurin mai unguwa ko uban ƙasa, baki da baki. Jita-jitar hari kuma, kafin a tura ta gaba, a kira wanda ke wurin.

8. Ku shirya wa ranar da babu sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a duk jihar Zamfara, aka ɗauki makonni da dama a haka. Duk abin da ke waya ya kasance yana da kwafi a takarda, lambobi masu muhimmanci kuma a rubuce a bangon littafi. Manhajar KoboCollect tana karɓar bayani ba intanet, ta aika in an samu. Hoto yana wucewa daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender kyauta.

9. Takardun gona su ma a ɗauki hotonsu. An gama madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, kuma dattawan yankin nan ba su manta da watan Afrilun 1980 ba, lokacin da rikicin diyyar gonaki ya ƙare da kisan manoma. Takardar gado, ta ciniki, ta jingina, rasit ɗin kuɗin ruwa: a ɗauki hoton kowacce, a ajiye kwafi wurin ɗan'uwa a wani gari. Masu noman rani kuma su rubuta ranakun da ruwa ya iso layinsu da ranakun da bai iso ba, da inda laka da ciyawa suka toshe hanya, su kai wa ƙungiyar masu amfani da ruwa kafin maganar ta wuce zuwa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

10. Kuɗin gyara a tara shi kamar adashe, kaɗan-kaɗan duk mako, tun famfo yana da lafiya. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban.

11. Kada ku tsallake waɗanda ke nan. Akwai kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido a kan asibiti, akwai kwamitin makaranta da ake kira SBMC, akwai kansila. Ku fara da su, da wasiƙar shafi ɗaya: matsalar, tun yaushe, gida nawa ta shafa, abin da kuka riga kuka yi da kanku, abin da kuke nema. A haɗa da hotuna uku. A yi kwafi biyu, a bar ɗaya, a dawo da ɗaya da sa hannun wanda ya karɓa. Mutum uku su kai, cikinsu har da dattijo, kuma kafin su tashi su tambayi ranar da za su dawo jin amsa. Idan ranar ta wuce sau biyu ba labari, sannan a kai maganar gidan rediyo ko Facebook, da ranakun da hotunan, ba tare da zagin kowa ba.