Darasin Kwamfuta: Me Ya Sa Manhaja Ke Sauya Kama Idan Ta Shiga Waya?

'Yan uwa ɗalibai, yawancinmu mun saba da waya tun kafin mu taɓa zama gaban kwamfuta. Amma manhajoji irin su Word da Excel, don kwamfutar tebur aka fara yin su. Excel ta fito tun 1985, amma sai a 2014 kamfanin Microsoft ya fitar da irinta ta iPad. Aikin ya wuce a ƙanƙantar da manhajar kawai, sai an sake mata tsari saboda dalilai uku.

1. Girman allo. A ce dillalin masara a kasuwar Dandume yana rubuta sunan manomi, garinsu, yawan buhuna, farashi da bashin da ya rage. A kwamfuta zai ga duka a jere. A waya kuwa fili ya yi kaɗan, shi ya sa ake ɓoye umarni da yawa ƙarƙashin ɗigo uku ko layi uku da ke kusurwar allo, a bar waɗanda aka fi buƙata.

2. Yatsa maimakon linzami. Kibiyar linzamin kwamfuta siririya ce, tana iya zaɓar harafi ɗaya. Yatsa kuwa yana da kauri, balle na wanda ya sha noma. Don haka Google ke ba masu ƙirƙirar manhaja shawarar kada wurin dannawa ya gaza kimanin milimita 9. Abin da ake samu ta danna ɓangaren dama na linzami, a waya sai a ɗora yatsa a riƙe. Haka ma ake fito da ƙ, ɗ da ɓ a madannan Hausa na Gboard.

3. Caji da data. Waya da batir take aiki, kuma duk wanda ya shiga ƙauyukan Kafur ko Bakori ya san sabis kan ɗauke. Manhaja mai kyau takan adana aiki a cikin wayar, ta tura shi idan sabis ya dawo.

Ina ruwanmu da wannan? Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗalibin da ya yi dukkan gwajinsa a waya zai tarar da linzami da madannai ranar jarabawa: A, B, C, D don amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Neman waɗannan haruffa kaɗai zai iya cin lokacin wanda ya san amsa.

Tun ran gini ran zane. 'Yan aji shida, ku nemi izinin malamin kwamfuta ku riƙa gwaji a ɗakin kwamfuta ko da sau ɗaya a mako.

Aikin gida: buɗe Word a waya da kuma a kwamfuta, ka rubuto bambanci uku da ka gani, ka miƙa wa ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a.