Ranar Shuka Ba Ta Jiran Kowa

Ya kai mai karatu, ko kai mutumin Tambuwal ne, ko na ƙasar Kebbe, ka san sha'anin damina. Sa'anda ruwan fari ya sauko, ƙasa ta jiƙu, ba mai zama inuwa. Maigida ya kan ɗauki sungumi tun da asuba, yara suna binsa da iri, gama daminarmu gajeruwa ce, ba ta cika wuce wata 4 ba, gero kuwa yana bukatar wajen wata 3 kafin ya nuna. Waɗansu ma su kan yi binne tun ƙasa tana busasshiya, don kada ruwa ya riga su. Wanda ya ce bari ya huta tukuna, ran kaka sai ya tsaya bakin rumbun maƙwabcinsa da ƙwarya a hannu.

Haka kiran Allah ya ke. Yana da lokacinsa, lokacin kuwa shi ne ranar da ka ji shi.

1. Mene ne tuba?

Tuba ba hawaye kaɗai ba ne, ba kuwa sāke suna ba ne. Juyowa ce daga zunubi zuwa ga Allah, da dogara ga Yesu Almasihu wanda ya mutu dominka, ya kuma tashi. Ka duba labarin Zakka cikin Luka sura 19. Shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, mai dukiya. Ran da Ubangiji ya shiga gidansa, ran nan ya ɗauki alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki 4. Bai jira shekara ta kewayo ba.

Kai fa? Idan kana da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, ka fasa ɗaya yau. Idan ka ci iyakar gonar maƙwabcinka, ka mayar da ita kafin shuka. Idan kana gaba da ɗan'uwanka, ka tafi ka gaishe shi tun rana ba ta faɗi ba. Waɗannan ba su sayen ceto, gama ceto kyauta ne. Amma su ne tsiron da ke nuna iri ya kama.

2. Haɗarin jinkiri

Cikin Ayyukan Manzanni sura 24 akwai wani hakimi, Filikus, wanda Bulus ya yi wa wa'azi a Kaisariya a kan adalci, da kamewa, da shari'a mai zuwa. Tsoro ya kama shi, amma ya sallami Bulus, wai sai ya sami zarafi. Shekara 2 yana kiransa suna zance, har aka naɗa wani a madadinsa. Ba a rubuta mana ya tuba ba. Bai zagi Bishara ba, bai kore ta ba. Jinkiri kawai ya yi.

Ka lura, ɗan'uwana, zuciya kamar laka ta fadama ta ke. Tana da taushi sa'anda ruwa ya janye, amma idan rana ta dake ta, ko garma ba ta shigarta. Maganar da ta girgiza ka yau, idan ka ture ta, gobe ba za ta girgiza ka haka ba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Bayan wannan kuma, wa ya ba ka alkawarin gobe?

3. Abin da ke hana ka

Na sani abin da ke zuciyarka. Kana cewa, Me iyayena za su ce? Wa zai ba ni mata? Wa zai binne ni? Waɗannan ba ƙananan tambayoyi ba ne, ba ni kuwa ruɗinka cewa hanyar ba ƙaya. Ubangiji da kansa ya gargaɗi masu binsa su lissafta abin da za ta ci musu. Amma bin Almasihu ba ya koya maka raina iyaye. Sai ka ƙara girmama su, ka riga kowa zuwa gonarsu, ka amsa zagi da haƙuri, har halinka ya yi maka shaida.

Ka tuna kuma da waɗanda suka riga ka biya. A 1893 samari 3, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, suka sauka Ikko domin kawo Bishara ƙasashen nan. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Da sun ce sai sun tsufa, da ba su zo ba. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, ga shi yau kana jin maganar Allah da harshen uwarka.

4. Abin da za ka yi yau

Ka keɓe kai kaɗai, ka faɗa wa Allah zunubanka da sunansu, ka roƙi gafara cikin sunan Yesu. Ka gyara abu ɗaya da ka ɓata wa wani. Sa'an nan ka nemi malamin ikilisiya mafi kusa da kai, ka shiga ajin masu neman baftisma.

Addu'a: Ya Allah Uba, na ji kiranka, na daɗe ina jinkiri. Ka gafarta mini, ka ba ni sabuwar zuciya da ƙarfin bin Ɗanka tun daga yau. Amin.