Man da ya dace da injin jirgin ruwa

Kogin Isa yana ratsa ƙasarmu kimanin kilomita 550, daga iyakar Mali har zuwa yankin Gaya. A wannan kogi, da kuma tafkin Cadi, jiragen da ake ɗaura wa inji a baya su ne ke kai kifi da shinkafa da mutane kasuwa. Inji babbar dukiya ce. In ya mutu a bakin gaɓa, an yi asarar kuɗi. In kuwa ya mutu a tsakiyar ruwa, kogi a cike, ga mata da yara a cikin jirgi, to, magana ta zama ta rai. Sau da yawa ba tsufa ne ke kashe inji ba, man da bai dace ba ne.

Da farko, ku san irin injinku. Akwai mai bugu biyu, ana rubuta shi 2T. Akwai mai bugu huɗu, ana rubuta shi 4T. Mai bugu huɗu yana da sandar auna mai, kamar ta mota. Mai bugu biyu ba ya da ita, garwaya mansa ake yi da fetur. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, wanda masu jirage suka saba da shi, mai bugu biyu ne.

A cikin inji mai bugu biyu, mai yana shafe ƙarafa, sa'an nan ya ƙone tare da fetur. Saboda haka abin da ya bari bayan ya ƙone shi ne abin dubawa. Man mota ba a yi shi don a ƙona ba. In ya ƙone yana barin toka. Tokar nan tana taruwa a kan buji, wanda wasu ke kira fulogi, da kan fistan da zobbansa. Inji ya riƙa wuyar tashi, ƙarfinsa ya ragu, hayaƙi ya yi yawa. Wata rana fistan ya kama, ya tsaya cik. Baƙin man da aka juye daga mota ya fi wannan muni, domin cike yake da garin ƙarfe. Arharsa yaudara ce.

Wani zai ce: to, man babur mai alamar 2T fa? Shi ma ba shi ne ya fi dacewa ba. Yawancin waɗannan baburan iska ce ke sanyaya su, suna yin zafi ƙwarai, kuma an haɗa mansu don wannan zafi. Injin jirgi kuwa ruwan kogi yake ja ya sanyaya kansa, kuma yakan yi awoyi yana gudu iri ɗaya. Man da aka yi dominsa ba ya barin toka, yana kuma kare ƙarfe daga tsatsa. Alamarsa a jikin galan ita ce TC-W3. Ƙungiyar masu ƙera jirage da injinan ruwa ta Amurka, wato NMMA, ita ce ke ba da wannan shaida bayan gwaji. Haruffa uku ne da lamba ɗaya: T, C, W, 3. Ku rubuta su a takarda, ku tafi da ita kanti. Kada ku dogara ga launin galan ko bakin mai sayarwa. Ku duba murfi ma, kada ya zama an taɓa buɗe shi.

Yadda ake garwayawa

Yawancin injinan nan suna bukatar kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur. Ana rubuta shi 50:1. Ga lissafin: fetur lita 5, mai mililita 100. Fetur lita 10, mai mililita 200. Fetur lita 25, mai rabin lita. Ke nan galan mai lita 1 ya isa fetur lita 50. Sabon inji yakan bukaci ninkin haka a awoyi 10 na farko, wato 25:1. Wasu injinan suna da nasu awon daban, don haka littafin da ya zo da inji shi ne alƙali.

Kada a auna da ido. In mai ya yi kaɗan, ƙarafa su ci juna. In ya yi yawa, buji ya jiƙe, inji ya riƙa mutuwa. Wasu suna ƙarawa wai don su faranta wa inji rai; ba taimakonsa suke yi ba. A zuba mai a cikin tanki tare da fetur kaɗan, a rufe, a girgiza sosai, kana a cika.

Inji mai bugu huɗu ba a garwaya masa kome. Mansa yana da mazubi daban. Ku nemi alamar FC-W, da kauri 10W-30 ko 10W-40, gwargwadon abin da littafinsa ya ce. Ana canja shi bayan awoyi 20 na farko, daga nan kowane awoyi 100, ko sau ɗaya a shekara. Masu lambu su lura: yawancin injinan ban ruwa na fetur masu bugu huɗu ne, kada a zuba musu 2T.

Akwai kuma man da ake yawan mantawa, na giyar da ke ƙasan inji kusa da farfela. Wannan man giya ne mai lamba 90. In kuka kwance shi kuka ga ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. Sau da yawa zaren kamun kifi ne ya nannaɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. A gyara robar kafin a zuba sabo.

Tsohon mai kada a zubar da shi a kogi, domin ruwan nan shi muke sha, daga cikinsa kifi ke fitowa. Kada a shafa shi a miki, na mutum ko na dabba. Kada a ajiye fetur ko mai a goran shan ruwa inda yara ke kaiwa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin yana iya shiga huhu. A kai shi likita nan take.