Tinya da kaktus, dangi ne?

Wani mai sauraronmu daga Kiru ya ce ya ga hoton kaktus na hamadar Amurka, sai ya ga kamar tinyar da ke fitowa a kan duwatsun Riruwai. Yana tambaya, shin dangi ne?

To Malam, kama ce kawai. Asalin kaktus nahiyar Amurka ne, tinya da ƙyarana kuwa dangin rogo da zurma ne. Zaman fari ne ya sa kaktus da tinya duk suka yi kauri, suna ajiye ruwa a jiki.

Shi ya sa masana tsirrai ba sa tsayawa ga siffar waje. Sukan kakkaɓo garin fure, wannan rawayan da ke maƙale wa ƙudan zuma a ƙafa, su duba a madubin ƙara girma. Ƙwayar garin furen tinya tsaga 3 gare ta, kamar an ja mata zane daga sama zuwa ƙasa. Ta kaktus mai faɗin tafin hannu, wato Opuntia, ƙofofi ne barkatai a duk jikinta. Da irin wannan ake rarrabe kaktus ɗin ma a junansu.

A gona kuwa, tinya tana zubar da farin ruwa kamar nono idan ta karye. Don Allah a kiyaye shi, musamman yara, yana ƙona ido ƙwarai.