Darasi Ga Iyaye: Yaro Da Ciyawar Akuya

'Yan'uwa, wanda ya bi ta ƙasar Minjibir da damina zai ga gonaki sun haɗe da juna, gero da dawa da wake da gyaɗa, har babu wurin sakin dabba. Domin haka awaki da tumaki a turke su ke wuni tun daga shuka har girbi. Wa ya ke ciyar da su? Yawanci yara ne. Su ke fita da lauje su yanko ciyawa a gefen gona da bakin hanya. Da rani kuma a kwashe takin turken a mangala, jaki ya kai gona. Ƙasar nan kowace shekara a ke nomanta, ba hutu, da takin nan ta ke samun ƙarfi. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a karkarar Kano tun shekarun 1960, ya bayyana wannan a rubuce.

Ashe yaron da ya yanko ciyawa yana da hannu cikin hatsin da ke rumbu. Amma mu iyaye ba mu gaya masa. Abin da ya ke ji daga bakinmu shi ne, "Tashi, malalaci!" Idan kuwa ya yi laifi, sai mu sa shi sharar turke. Ta haka mu ke koya masa cewa aiki horo ne. Ran da ya yi ƙarfi ya shiga mota zuwa Kano, ya bar mu da lauje, kada mu yi mamaki.

Mu duba 1 Sama'ila sura 16 da 17. Sa'ad da Sama'ila ya zo Baitalami, Dawuda, autan Yesse, yana wurin tumaki. Uban ya danƙa masa garken, ya amince da shi. Da ya tsaya gaban Saul, labarin kiwon nan ya bayar, yadda ya ƙwace ɗan rago daga bakin zaki.

Akwai kuma batun 'ya'ya mata. Tun 1976, da aka buɗe firamare kyauta ga kowa, safiyar yaro ta zama ta makaranta. Namiji ya kawo ciyawa ya ɗauki littafinsa. Ita kuwa ga ɗiban ruwa, ga surfe, ga goyon ƙane, sai ta isa aji a makare. Mu fastoci ma, gidajenmu ba su kuɓuta daga wannan ba. Hannun namiji ba ya karyewa don ya ɗauki tulu.

Bari kowane uba ya ware 'yar akuya guda ya ce wa yaro ko yarinya, "Wannan taka ce," ko "taki ce." In ta haihu, a sayar da ɗan a gabansa, a sai masa littafi da takalmi. Da kaka kuma a kai shi gona, a nuna masa inda takin ya sauka, ya gwada zangarniyar wurin da ta inda bai kai ba.