Amsoshin Tambayoyinku: Darajar Tsohon Anini

Wani mai sauraronmu daga Kiru ya aiko da tambaya. Ya ce ya tarar da aninai da kwabbai masu huji a cikin adakar kakarsa, yana son ya san yadda masana ke tantance ingancinsu.

To Malam, waɗannan kuɗi na zamanin Turawa ne. An fara buga anini a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ta yi wa mulkin mallaka, kuma hukumar ce ta ci gaba da fitar da su.

Masu tara tsofaffin sulalla suna amfani da ma'aunin da Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga maki 1 zuwa 70. Wanda ya goge har rubutunsa ya ɓace yana can ƙasa, wanda kuma bai taɓa shiga hannun 'yan kasuwa ba yana samun 60 zuwa 70. Ana duba kaifin rubutu, da gefe, da ƙyallin asali, da tabo ko karce. Ana kuma duba shekara da harafin masana'anta: H da KN duk na Birmingham ne.

Shawararmu, kada ka goge su da toka ko lemon tsami, domin gogewa na karya farashi. Ka riƙe su ta gefe, ka naɗe kowanne a takardarsa, ka ajiye inda babu laima. Sai ka ji farashi daga dillalai biyu ko uku a Kasuwar Kurmi kafin ka sayar.